Kuɗin Baƙo Tsuntsun Hunturu Ne: Abin da Baturiya Ta Koya Mana Kan Tara Kuɗin Ƙungiya

Wanda duk ya taɓa riƙe muƙami a wata ƙungiyar ɗalibai ya san ciwon da zan yi magana a kai. A zauna a tsara aiki mai kyau, kowa ya yi na'am, a tashi ana murna. Da an zo kan maganar kuɗi sai ka ji tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. Ni ma'aji ne a wata 'yar ƙungiya da muka kafa, wadda aikinta shi ne shiga makarantun firamare da na sakandare don wayar da kan yara game da muhalli, musamman dausayin da ke gabas da Haɗeja. Na sha wuya a wannan kujera, na kuma ƙaru. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gano, ko wani zai huta da faɗawa ramin da muka faɗa.

Bari in fara da kunyar da muka sha. Da muka kafa ƙungiyar, dabararmu ta farko ita ce wadda kowa ya sani: taron gidauniya. Muka buga katin gayyata, muka kama zaure, muka yi hayar kujeru da lasifika, muka sayi lemo, duk da bashi. Manyan baƙi suka zo, aka yi jawabai masu daɗi, mai gabatarwa yana ta shelar alƙawura ana tafi. A daren nan ban yi barci ba don murna. Bayan wata uku ina ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce mini Oga ya yi tafiya, in dawo mako mai zuwa, sai na zauna na yi lissafi. Abin da ya shigo hannu bai biya kuɗin zaure da lemo ba. Mu da muka fito neman kuɗin koyar da yara, sai ga shi muna karo-karo don biyan mai kujeru.

Wane wuri ne Baturiya?

Kafin in faɗi yadda muka farfaɗo, ya kamata mai karatu ya san wurin da ake wannan wahala dominsa, don na lura da yawa daga cikinmu, har da 'yan Haɗeja, sunan kawai suka sani.

Baturiya tana cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, a tsakiyar fadamar da ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga kogin Kano da na Challawa. Idan ya wuce garin Haɗeja sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayi, ya rarrabu hannu-hannu, ya malale cikin fadamu. Can gaba ya haɗu da kogin Jama'are wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Wannan malalar ruwa ta kowace damina ita ce arzikin yankin. Da ita ake noman shinkafa. In ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfanin rani a kan laima. Masunta su kama tarwaɗa da karfasa da gaiwa, Fulani su gangaro da shanu lokacin da jeji ya bushe, mata su yanki kaba su saƙa tabarma. Ruwan da ya nutse ƙasa kuwa shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin.

Haka kuma wurin masauki ne na tsuntsaye. Akwai na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da 'yan ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa, waɗanda ke tasowa daga Turai idan sanyi ya tsananta a can, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su yi hunturu a nan, su koma kafin damina. Saboda wannan ne a shekarar 2008 aka sa Baturiya, mai faɗin kimanin hekta 101,000, a jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun riga ta shiga tun shekarar 2000, su ne na farko a Najeriya. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen yankin halittu. Wato dai duniya ta san da mu. Mu ne ba mu san kanmu ba.

Darasin waɗanda suka riga mu

Ba mu ne farkon masu tunanin wayar da kai a wannan yanki ba. A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, mai ofis a Nguru, da haɗin gwiwar gidauniyar kare muhalli ta Najeriya wato NCF, da ƙungiyar IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila wato RSPB. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo da kansa ya ga tsuntsayen Dagona a ƙasar Bade. Shirin ya yi aikin da har gobe ake cin moriyarsa: ƙidayar tsuntsaye, auna faɗin ambaliya shekara-shekara, da shiga makarantu da ƙauyuka.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne yadda ya sauya salo. An fara da maganar tsuntsaye, amma ba a daɗe ba aka gane cewa matsalar tsuntsu da ta manomi ɗaya ce: ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar da a da takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 ta ragu ƙwarai. Sai masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka zauna suka yi lissafin abin da fadamar ke samarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da manyan ayyukan noman rani na sama ke samarwa da ruwa daidai wannan. Sakamakon ya nuna amfanin fadamar ya ninka sau da yawa. Da wannan hujja aka riƙa tunkarar hukuma, ba da kyawun fuka-fukai ba.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin waje suke tafiya, kuɗin waje kuwa yana da wa'adi. Shiri ya zo da motoci da ma'aikata, a yi shekara uku ko biyar, wa'adi ya cika, a bar allon sanarwa a bakin hanya rana tana cin fentinsa. Wani lokaci ma yankewar ba ta da alaƙa da kyawun aikinka. A 1995 Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin raya ƙasa ga Najeriya bayan rataye Ken Saro-Wiwa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, ƙungiyoyi da yawa a arewacin ƙasar nan suka wayi gari babu albashi. Shi ya sa nake cewa kuɗin baƙo tsuntsun hunturu ne. Ka yi maraba da shi in ya sauka, amma ka san yana da ranar tashi. Wanda zai kwana da kai damina da rani shi ne na gida.

Inda ƙwarin gwiwa ya fito

Bayan abin da ya same mu a taron gidauniya, rabin membobinmu suka zame. Mu da muka rage muka ce bari mu je Baturiya ko da hannu rabbana, mu ga abin da muke ta magana a kai. Muka isa da safe, hazo bai gama washewa ba. Wani dattijo masunci yana gyaran komarsa a gindin giyayya, muka gaishe shi, na shiga yi masa bayani da zaƙewa cewa tsuntsayen nan daga Turai suke zuwa, dole a kare su. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, na ji. Su waɗannan baƙin naka ba su taɓa cin mini komai ba. Amma ka ga waccan kachallar? Ta cinye mini hanyar jirgi, ta cinye gonar shinkafar ƙanena, jan-baki kuma a cikinta yake kwana ya tashi ya faɗa wa gero. In karatunku ya san maganinta, gobe ma ku dawo."

Wallahi sai na ji kamar an zare mini lakka. Gaskiya ya faɗa. Kachalla ta samu wurin zama ne tun da madatsun ruwa suka sauya tafiyar kogin. A da kogin Haɗeja yakan ja baya ƙwarai da rani, ƙasa ta bushe, ciyawar ta mutu. Yanzu ana sakin ruwa kusan duk shekara, ita kuwa abin da take so ke nan: ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru, sai ruwa ya riƙa kwana a inda ba a bukatarsa, wasu wuraren kuma ya daina kai musu. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san ba labarin littafi ba ne.

Daga ranar muka sake darasinmu gaba ɗaya. Yanzu in mun shiga aji, ba ma farawa da Turai. Mukan tambayi yara: wa ya ci kifi a makon nan? Daga ina ya zo? Me ya sa kakanku ke cewa kifin da ya fi na yanzu girma? Daga nan a gangaro kan raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da sare goruba da gabaruwa, da dalilin da ya sa rijiya ke ƙara zurfi. Sai a ƙarshe tsuntsu ya shigo a matsayin shaida: inda ya sauka da yawa, ruwan wurin na da rai. Kuma mun daina zuwa a matsayin masu ilimi. Mukan roƙi masunci ko manomi ko wata dattijuwa mai saƙar kaba su shigo aji su yi bayani da bakinsu. Yaro ya ga an tsayar da kakansa a gaban allo ana rubuta abin da yake faɗa, ai ba zai manta ba.

Ga abin da ban zata ba: gyaran darasin shi ya buɗe ƙofar kuɗi. Mutum ba ya ba da kuɗinsa don abin da bai shafe shi ba. Da muna maganar baƙin tsuntsaye, kallon 'yan boko marasa aikin yi ake mana. Da muka koma maganar kifi da shinkafa da ambaliya, sai aka fara tambayarmu, "Me kuke bukata?"

Matakala huɗu na neman kuɗi

Na farko, aljihunka. Ƙungiyar da membobinta ba sa zuba ko sisi ba ta da bakin roƙon wani. Ba sai da yawa ba, amma ya zama a kai a kai, kamar adashi. Yi lissafi da kanka: mutum 40, kowa naira 500 a wata, naira 20,000 ke nan, a shekara 240,000. Ba za ta sayi mota ba, amma za ta kai mutum huɗu makaranta su dawo, ta sayi kwali da alli. Da sannu-sannu ƙwanƙwasa kan zama tulu, kuma wannan kuɗin ba mai yanke maka shi don an yi zaɓe a wata ƙasa.

Na biyu, gari. A nan kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne neman tsabar kuɗi kawai. Direban da ba zai iya ba ka dubu goma ba zai iya ɗaukar mutum biyu kyauta ranar kasuwa. Mai shagon buga takardu zai iya buga maka shafi ɗari. Mai kwalekwale zai tsallakar da yara. Manomi zai ba da taki da wurin rainon dashe. Wannan ai gayya ce, mun gaje ta. Abin lura kawai, ka rubuta kowace gudummawa da kimar kuɗinta, don ranar da za ka nemi babban tallafi za a tambaye ka me al'umma ta sa. Kada kuma ka tsallake masu gari. Ka fara da mai unguwa ko bulama, ya kai ka wurin dagaci, a sanar da hakimi. Ka gai da sarkin ruwa da shugaban makaranta da liman. Wani ya ba mu shawarar neman zakka, sai wani malami ya tunatar da mu cewa zakka tana da waɗanda aka ƙayyade mata. Amma ƙofar sadaka mai gudana da waƙafi a buɗe take, dasa itace kuwa kowa ya san matsayinsa a addini. Attajirin da ba zai zo taron jawabi ba yana iya ɗaukar nauyin itatuwan makaranta guda da sunan mahaifinsa da ya rasu.

Na uku, sana'a. Mu fa 'yan kwalejin fasaha ne, hannunmu na iya wani abu. Masu karatun gona za su iya rainon dashen mangwaro da gwaiba da zogale a sayar, ribar ta shiga asusu. Ita kanta kachallar ba a rasa amfaninta ba: a ƙasashen Senegal da Muritaniya ana sarrafa ta a yi gawayi, a nan gida kuma an yi bincike kan mayar da ita abincin dabbobi da iskar girki. Ɗalibin injiniya da ke neman abin da zai yi aikin kammala karatu a kai, ga shi nan a bakin kogi yana jira. Ko da ba a samu riba mai yawa ba, an rage sare itace, an kuma ba wa dattijon nan amsar tambayarsa.

Na huɗu, sai a nan ne ake maganar tallafin manyan hukumomi. Suna nan kuwa. Akwai shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar UNDP ke gudanarwa, yana ba ƙungiyoyin al'umma tallafi. Akwai gidauniyar Rufford ta Ingila mai tallafa wa matasa masu aikin kare halittu. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, da ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja, Jigawa na ciki. Akwai kuma waɗanda ba kuɗi za su ba ka ba, ilimi ne, kamar NCF da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Amma duk cikinsu babu mai ba da kuɗi don kyawun niyya. Za a nemi rajista, da asusun banki da sunan ƙungiya, da shaidar aikin da ka riga ka yi. Rajistar hukumar CAC tana bukatar amintattu da tsarin mulki da sanarwa a jarida, banki kuma zai nemi takardar SCUML. Kafin ka kai can, fara da rajista a ofishin harkokin ɗalibai. Ka kuma yi hattara da masu turo saƙo a WhatsApp cewa ka biya kuɗin fom za a ba ka tallafin dala. Mai ba da tallafi na gaskiya ba ya karɓar kuɗinka.

Amana ita ce jari

Duk matakalan nan a kan abu guda suke tsaye. Abin da ya kashe ƙungiyoyin matasa da yawa ba rashin kuɗi ba ne, zuwan kuɗin ne. Mu dokokinmu uku ne, kuma ba ma sassauta su ko ga shugaba. Kuɗin ƙungiya ba ya kwana a asusun mutum ɗaya. Ba a fitar da ko naira sai da sa hannun mutum biyu. A ƙarshen kowane wata ana liƙa lissafin shiga da fita a allo, a kuma tura wa duk wanda ya ba da gudummawa, ko ta naira 200 ce.

Sannan ka iya roƙo. Kada ka ce, "A taimaka mana mu ceci muhalli," wannan magana ba ta da kai ba ta da gindi. Ka ce, "Muna son kai 'yan aji biyar na makaranta kaza bakin dausayi ranar 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya; kuɗin mota kaza ne, abinci kaza, mun tara kaza, saura kaza." In an ba ka, bayan an dawo ka koma da hoto da rasit da godiya, ba tare da ka nemi komai ba. Yaba kyauta tukwici. Wanda ka koma wa da rasit, shi ne zai kira ka da kansa baɗi.

Wani zai ce duk wannan ƙaramin abu ne a gaban madatsun ruwa da kachalla da canjin yanayi. Haka ne, 'yar ƙungiyar ɗalibai ba za ta sauya yadda ake sakin ruwan Tiga ba. Amma Wangari Maathai ta ƙasar Kenya da 'yan itatuwa ƙalilan da matan karkara ta fara a 1977, a 2004 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Mu ba lambar yabo muke nema ba. Abin da muke fata shi ne, a cikin yaran da ke zaune a ƙasa a azuzuwan Kirikasamma da Guri da Auyo a yau, a samu injiniyan ruwa ko kansila ko ɗan majalisar da in an zo rabon ruwan kogin Haɗeja zai tuna cewa akwai mutane a ƙasan kogin.

Saboda haka, ɗan uwa, 'yar uwa, ba taron gidauniya nake gayyatarku ba, na tuba da wannan. In hunturu ya kama, ku haɗa kuɗin mota ku je Baturiya da sassafe, ku gai da mutanen gari, ku zauna ku saurara kafin ku yi magana. In kun dawo kuka ji abin ya tsaya muku a rai, ku neme mu. Littafin karo-karo yana hannuna, rasit kuma ba ya ƙarewa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu bar wa na baya ruwa da inuwa. Amin.